Ma'ana da Asalin Sunan Kande

A al'adar Bahaushe suna iri biyu ne: akwai sunan yanka, wanda liman ke raɗa wa jariri ranar bakwai, akwai kuma laƙabi, wanda mutanen gida ke sa masa bisa yanayin da ya zo duniya. Kande na cikin kashi na biyu. Suna ne da ake kiran 'ya mace da shi idan an haife ta bayan maza biyu ko fiye a ɗaki ɗaya. Wasu wurare Delu ko Dela ake cewa. Takwaransa a ɓangaren maza shi ne Tanko, wato namijin da ya biyo bayan mata. Saboda haka, da jin an kira Kande a ƙauye irin Gwaska ta ƙasar Birnin Gwari, an san tana da yayye maza, ko da kuwa ba a taɓa ganin su ba.

A nan ne irin wannan laƙabi ya bambanta da tsofaffin sunayen mata na Jamusawa. Matilda, alal misali, haɗin kalmomi biyu ne, "maht" mai nufin ƙarfi da "hild" mai nufin yaƙi; fata ne iyaye suka yi wa 'yarsu. Kande kuwa ba fata ba ne, labarin abin da ya riga ya auku ne. Haka Marka, wadda aka haifa ana tsakiyar ruwan damina, da Azumi, da Auta. Su kuwa Lami da Jummai da Asabe tushensu Larabci ne, domin daga Alhamis da Jumma'a da Asabar aka gutsuro su.

Abin da ya raya waɗannan sunaye shi ne alkunya. Idan an yi wa yarinya takwara da kakarta, uwa ba za ta iya ambaton sunan surukarta ba, sai ta fake da laƙabi, har sunan yankan ya ɓace a bakin jama'a.

Wannan ya shafi malami kai tsaye. Yarinya kan shiga firamare a rubuta ta Kande, ta zo jarrabawar kammala sakandare da sunan A'isha, takardu su saɓa, a ƙarshe sai an je kotu an yi rantsuwa. Ya kamata malamin aji ɗaya ya tambayi iyaye sunayen biyu tun ranar da zai cika rajista, kuma kada ya bari yara su mayar da Kande abin tsokana wai sunan ƙauye ne.