Mene ne Rockbox, kuma wa zai amfana?

Rockbox tsari ne na sarrafa ƙananan na'urorin sauraro na aljihu, irin su iPod da Sansa Clip, wanda wasu masana kwamfuta na ƙasar Suwidin suka assasa a ƙarshen 2001, bayan da tsarin da ya zo da na'urar Archos ya gaza biya musu bukata. Ana ce masa buɗaɗɗe domin ba a ɓoye rubutun asalinsa ba. Hukuncinsa kamar na waƙafi ne, kowa na da izinin karantawa da gyarawa da rabawa, bisa sharaɗin duk wanda ya raba gyararsa ya bar ta a buɗe.

Amma yadda ake aiki da shi, ana haɗa na'urar da kwamfuta a zuba mata shi, daga nan sai ta iya karanta nau'o'in sauti masu yawa, har da FLAC, ta riƙe daidai inda mai sauraro ya tsaya, ta kuma furta sunayen abubuwan zaɓi da murya.

Fa'idarsa kuwa ga mazauna Runjin Sambo a Sakkwato, inda ake tura ƙira'a da tafsiri a katin memori, bayyananniya ce: ɗalibi zai ci gaba da darasi daga inda ya dakata jiya, makaho kuma zai nemo surar da yake muradi ba tare da ɗan jagora ba. Sai dai ba kowace na'ura ke karɓarsa ba, musamman masu araha marasa suna, don haka wajibi ne a bincika kafin saye.