Me Ya Sa Firinta Ke Yanke Gefen Takarda?

'Yan uwana ɗalibai, idan sakamakon WAEC ko NECO ya fito, yayyenmu da suka gama babbar sakandare sukan nemi shagon kwamfuta a fitar musu da shi a takarda. Wani har sai ya biya kuɗin mota daga nan Fagam zuwa Gwaram ko Birnin Kudu. Wani lokaci a fuskar kwamfuta komai yana nan daidai, amma da firinta ta turo takardar sai a ga gefen dama ya yanke. Sunayen darussa suna nan, Turanci da Lissafi da Hausa, amma layin da ke nuna A1 ko C6 babu shi, ko kuma rabinsa ne ya fito. Takardar sakamakon da ba ta nuna maki kuwa ba ta da amfani. Idan sai an dawo gida aka lura, an yi asarar kuɗin bugu da na mota.

Ba firintar ce ta lalace ba. Maganar faɗi ce. Farar takardar da muke amfani da ita sunanta A4, kuma a ƙasar Jamus aka tsara awonta a 1922. Faɗinta santimita 21, tsawonta 29.7. Duk mai rula ya auna ya gani. Yawancin firintoci ba sa rubutu har bakin takarda, ana barin kusan santimita ɗaya a hagu, ɗaya a dama. Saura wajen 19 ke nan. Shi kuwa abin da ke cikin intanet, domin kallo a fuskar kwamfuta aka tsara shi. Idan ya yi faɗi sai a ja shi gefe a ga ragowar. Takarda ba ta janyuwa. Kwamfuta tana fara jera rubutu daga hagu, duk abin da ya wuce iyaka a dama sai ya faɗa waje, kamar dogon mutum a kan gajeriyar tabarma, kai a ciki, ƙafa a ƙasa. Abin haushin shi ne maki a dama suke.

Maganin yana nan tun kafin a buga. Idan aka danna Ctrl da P tare, kwamfuta takan nuna hoton yadda takardar za ta fito. Abin da ya yanke a hoton nan, haka zai yanke a takarda. Ka roƙi mai shago ya bari ka duba, ba rashin kunya ba ne.

Idan ya yanke, sai a kwantar da takardar. A wurin da aka rubuta "Portrait", wato a tsaye, a mayar da shi "Landscape", wato a kwance. Yanzu faɗin ya zama 29.7, an sami ƙarin santimita 8.7. Ko kuma a rage girman rubutun a wurin "Scale". Ga lissafin: abu mai faɗin santimita 24, idan aka mayar da shi kashi 80 cikin 100, ya koma 19.2, ya kusa shiga. A sauko zuwa 75, ya zama 18, ya shiga har da saura. Ni dai na fi son wannan hanyar ga takardar sakamako, domin a tsaye aka saba ganinta cikin fayil. Amma kada a rage har rubutu ya koma kamar tururuwa.

Akwai kuma wani tarko. Wasu kwamfutocin an saita su a kan takardar Amurka mai suna "Letter", wadda ta fi A4 faɗi da milimita 6, ta kuma fi ta gajarta. Idan kwamfuta tana zaton Letter ce, alhali A4 ke cikin firinta, gefe zai iya yankewa. A duba, a zaɓi A4.

Lambar da ake saya domin duba sakamako tana da iyakar sau nawa za a yi amfani da ita. Saboda haka, da zarar hoton ya fito cikakke, a zaɓi "Save as PDF" a adana shi, a tura cikin waya. Gobe ko takardar ta jiƙe, a sake bugawa ba tare da an taɓa lambar ba. Haka ma takardar JAMB mai nuna wuri da rana da lokacin jarrabawa. Kafin ka miƙa kuɗi, karanta sunanka, lambar jarrabawarka, da layin ƙarshe na dama tun daga sama har ƙasa.