Senti Ɗaya Da Ya Kai Dala Miliyan

 Yau za mu leƙa Amurka ne, mu dubi mafi ƙanƙantar kuɗin ƙasar, wato senti ɗaya, wanda sai an tara ɗari kafin a haɗa dala guda. A ranar 12 ga Nuwamba 2025 aka buga na ƙarshe domin hada-hada a birnin Filadelfiya, saboda kuɗin da gwamnati ke kashewa a kan kowane ɗaya ya kusa senti huɗu. An daina buga shi domin kasuwa, amma masu tara tsofaffin sulalla yanzu ma suka ƙara riƙe shi da kyau.

A 1793 aka fara buga shi, babba, mai nauyi, na jan ƙarfe zalla. Wanda aka fi tarawa a yau shi ne mai hoton Shugaba Abraham Lincoln, da ya fito a 1909 domin cika shekara 100 da haihuwarsa. Mai zanen, Victor David Brenner, ya sa haruffan sunansa uku, VDB, a ƙasan bayan kuɗin, ƙarƙashin zangarniyar alkama biyu. Aka yi ta surutu cewa ya cika tallar kai, cikin 'yan kwanaki aka cire haruffan. Kafin a cire, masana'antar San Faransisko ta riga ta buga guda 484,000 kacal. Wannan shi ne burin duk wani mai tarawa, kuma shi 'yan jabu suka fi kwaikwayo: su samo na Filadelfiya mai araha, su manna masa ɗan harafin S, alamar San Faransisko, a ƙarƙashin shekarar.

Sai labarin 1943. Yaƙin duniya na biyu ya cinye jan ƙarfe wajen ƙera harsasai da wayoyi, don haka a shekarar aka buga senti da baƙin ƙarfe mai rufin tutiya, ya fito fari-fari. Wasu 'yan ƙwayoyin tagulla da suka rage daga shekarar baya suka shige cikin injin ba a sani ba, suka fito ja. Ɗaya daga cikinsu, wanda aka buga a Denba, an sayar da shi dala miliyan 1.7 a 2010. Gwajin farko na gane jabunsa mai sauƙi ne: a kawo mayen ƙarfe. Idan ya manne, ƙarfe ne aka shafa wa ruwan jan ƙarfe. Idan bai manne ba, a dubi lambar 3 ɗin da kyau, domin akan kankare gefen 8 na 1948 a mayar da ita 3.



To, ƙarancin kuɗi rabin magana ne. Sauran rabin shi ne lafiyarsa, kuma nan ne aikin yake. A 1949 wani likita, William Sheldon, ya fitar da littafi kan tsofaffin manyan senti, ya kawo ma'auni daga 1 zuwa 70. Mai lamba 1 shi ne wanda ya siɗe har da ƙyar ake gane ko wane iri ne. Mai 70 kuwa ko da madubin ƙara girma ba a ganin tabo a jikinsa. Lissafinsa a lokacin shi ne, farashin mai 70 ya ninka na mai 1 sau saba'in. Wannan lissafi ya daɗe da rushewa, amma lambobin sun zauna, har ana auna kuɗaɗen ƙasashen duniya da su.

Ku kwatanta mai aunawa a teburinsa. Fitila ɗaya ce a gabansa. Yana riƙe sentin ta baki-baki da yatsu biyu, ba ya taɓa fuskarsa, domin gumin yatsa kan bar shaida a jan ƙarfe da ba ta fita. Sai ya karkata shi a hankali cikin haske. Inda ya fara dubawa shi ne kumatun Lincoln da muƙamuƙinsa, don su suka fi tasowa, su aljihu ke fara ci. Ya juya baya ya dubi siraran layukan da ke kan alkamar: suna nan a rarrabe, ko sun narke sun haɗe? Daga 60 zuwa sama, kuɗin bai taɓa yawo a hannun jama'a ba ke nan, kuma a nan tazarar lamba ɗaya tak kan ninka farashi. Bayan haka sai launi. Mai jan nan na ranar da aka buga shi ya fi daraja, sai mai ja da ruwan ƙasa, sannan wanda ya koma ruwan ƙasa gaba ɗaya.

Da yake mai sayarwa kullum yana ganin kayansa sun fi, mai saye kuma yana ganin sun gaza, sai aka kafa kamfanonin da ke raba gardama: PCGS a 1986, NGC a 1987. Su auna, su rufe kuɗin a cikin roba mai haske, su rubuta lambarsa. Ni dai ina ganin wannan ya rage cuta ƙwarai, amma ya haifar da masu sayen lambar da ke jikin roba ba tare da sun dubi kuɗin ba. Wanda bai horar da idonsa ba, bai shiga sana'ar ba tukuna.

Abin da ya fi ci mini rai a wannan fage shi ne gogewa. Mutum ya tsinci tsohon kuɗi ya yi duhu, sai ya ɗauko toka da lemun tsami ya dirje shi kamar gindin tukunya, yana murna ya yi ƙyalli. Ya kankare fatar da shekaru ɗari suka gina. Kamfanonin nan ba sa ba irin wannan lamba, sai su rubuta cewa an goge shi, farashinsa kuma ya faɗi warwas.

Wannan magana ta shafe mu. A gidajenmu da yawa akwai anini mai huda a tsakiya, wanda Turawan mulki suka fara bugawa a 1907, da kwabo da sisi da sule, a cikin gwangwanin kaka ko ƙasan adaka. Da wannan ma'auni na 1 zuwa 70 ake auna su a kasuwar duniya. Ba kowanne ne zai yi tsada ba, yawancinsu ma an buga su da yawa. Duk da haka, don Allah idan kun same su kada ku wanke, kada ku goge. Ku riƙe su ta baki, ku sa kowanne a 'yar ambulan ɗinsa daban, ku ajiye inda damshi ba ya kaiwa.