Haƙƙin Mai Naƙasa A Gidan Haya: Darasi Daga Gadarif

'Yan uwa, maganarmu ta yau a kan gidan haya ce, da halin da makaho da gurgu da kurma da mai farfaɗiya suke shiga idan suka fita neman ɗaki. Za mu fara daga ƙasar Sudan, domin a can ne matsalar ta fito fili a 'yan shekarun nan, sannan mu dubi abin da addini da dokoki suka tanada.

Jihar Gadarif tana gabashin Sudan, kusa da iyakar Habasha. Ƙasa ce ta noman dawa da riɗi, kuma Simsim, da ke kudu da birnin Gadarif, yana cikin manyan yankunan noman inji na jihar. Sunan ma da Larabci yana nufin riɗi. Hausawa sun daɗe a wannan yanki. Wasu zuriyar alhazai ne da suka yada zango a hanyar Makka, wasu kuma jikokin waɗanda suka yi hijira ne bayan yaƙin Burmi na 1903.

Tun da yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF ranar 15 ga Afrilu, 2023, jama'a suka riƙa tudaɗowa Gadarif. Bayan faɗuwar Wad Madani a Disambar 2023, da ta Sinja a tsakiyar 2024, makarantu da tashoshi suka cika da 'yan gudun hijira, kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabi. Idan mutum goma suna neman ɗaki ɗaya, mai gida ne yake zaɓe. Shi kuwa mai keken guragu, ko uwar da take da yaro mai taɓin hankali, su ne na ƙarshe a layi. Ga shi kuma yaƙin kansa ya ƙara yawan masu naƙasa, saboda waɗanda suka rasa ƙafa ko hannu ko ido.

Kada wani ya ce wannan ta Sudan ce kaɗai. Duk wanda ya taɓa raka makaho wajen dillali a Kano ko Zariya ko Maraɗi ya san ba a buƙatar yaƙi kafin a ji “ai an riga an kama ɗakin”.

Yadda wariyar take zuwa

Ta farko ita ce hana haya tun daga bakin ƙofa. An yi ciniki ta waya, an daidaita, amma da aka ga mai neman da sanda ko da keke sai labari ya sha bamban. Ta biyu ita ce a ba shi ɗakin, amma a ƙara masa kuɗi, ko a ce sai ya biya na shekara biyu alhali sauran na shekara ɗaya suke biya. Ta uku, wadda mutane da yawa ba su ɗauke ta wariya ba, ita ce a hana shi ɗan gyaran da zai sa gidan ya zaunu: a ce ba zai fasa dakalin ƙofa ba, ba zai faɗaɗa ƙofar banɗaki ba, ba za a musanya masa ɗakin sama da na ƙasa ba ko da akwai wanda babu kowa. Ta huɗu ita ce kora, sa'ad da lalura ta sami ɗan haya yana cikin gidan, ko maƙwabta suka yi ƙorafi don yaro ya faɗi da farfaɗiya a tsakar gida.

Yawancin wannan tsoro jahilci ne ya haife shi. Farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ce, ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓa mai ita. Zabiya halitta ce ta gado. Kuturta tana warkewa, kuma tun 1995 ake raba maganinta kyauta ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya soma shan maganin kuwa ba ya yaɗa ta. Dungulmin da ake gani a hannun wanda ya warke tabo ne kawai.

Abin da Musulunci ya koyar

Kowa ya san dalilin saukar farkon Suratu Abasa, inda Allah Ya yi wa Annabinsa (SAW) magana a kan makaho Abdullahi ɗan Ummu Maktum (RA). Wannan sahabi ya zama ladanin Annabi (SAW), kuma an sha barin sa ya riƙe Madina idan an fita yaƙi. Aya ta 61 a Suratun Nur ita ma ta ɗauke ƙunci daga makaho da gurgu da mara lafiya a sha'anin shiga gidaje da cin abinci tare da jama'a.

Akwai kuma ƙissar Itbanu ɗan Malik (RA), wadda Buhari da Muslim suka ruwaito. Ganinsa ya yi rauni, shi ne kuma limamin mutanensa, idan aka yi ruwa kwari yakan cika ya raba shi da masallaci. Sai ya roƙi Annabi (SAW) ya zo gidansa ya yi salla a wani wuri da zai riƙe a matsayin wurin sallarsa. Annabi (SAW) ya zo da kansa tare da Abubakar (RA), kuma ya tambayi Itbanu inda yake so a yi sallar. A lura da abu biyu: an sauya tsari don ya dace da halin mutumin, kuma shi aka tambaya, ba a yanke masa ba. Mutumin Simsim, wanda ya san yadda baƙar laka take riƙe ƙafar mai lafiya da damina, balle tayar keke, zai fi kowa gane wannan ƙissa.

Malaman tarihi sun ambata cewa Halifa Walidu ɗan Abdulmalik ya sanya wa makafi 'yan jagora, ya ba guragu masu yi musu hidima daga baitulmali. A ƙasar Hausa ma sarakuna sun naɗa Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare domin kukansu ya isa fada.

A fiƙihu, abin da ɗan haya yake saye da kuɗinsa shi ne amfanin gida. Wanda ya karɓi kuɗin gurgu, alhali ya san ba zai iya shiga banɗakin gidan ba, kuma ya hana shi gyarawa, to ya tambayi kansa me ya sayar masa. Gaskiya ne mai gida yana da iko da dukiyarsa, yana da damar bincikar halin wanda zai saka da ƙarfinsa na biya. Amma naƙasa ba mugun hali ba ce, kuma ƙa'idar hana cuta da cutarwa tana hawa kan mai gida kamar yadda take hawa kan ɗan haya.

Abin da dokoki suka ce

A Disambar 2006 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar kare haƙƙin masu naƙasa. Nijar ta tabbatar da ita a 2008, Sudan a 2009, Najeriya a 2010. Sashe na 19 ya ba mai naƙasa 'yancin zaɓar inda zai zauna da wanda zai zauna da shi, sashe na 28 ya yi maganar muhalli mai kyau. Yarjejeniyar ta kuma lissafa ƙin yin sassaucin da bai fi ƙarfin mutum ba a cikin nau'o'in wariya. Sudan ta yi dokar naƙasassu a 2009, ta sake wata a 2017, sai dai doka tana buƙatar kotu da zaman lafiya kafin talaka ya ci moriyarta.

A Najeriya, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar haramta nuna wa masu naƙasa wariya a Janairun 2019. Dokar ta hana kowane mutum ko hukuma nuna wariya ta kowace fuska. Mutum ɗaya idan aka same shi da laifi, tarar naira 100,000 ce ko ɗaurin wata 6 ko duka biyun, kamfani kuwa naira miliyan 1, kuma wanda aka zalunta yana da damar shigar da ƙarar neman diyya. Ta ce inda makaranta ko ma'aikata ko gwamnati take raba masauki, a fara duba mai naƙasa. Ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su gyara hanyoyin shiga, wa'adin da ya cika a Janairun 2024. A 2020 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da masu naƙasa, kuma jihohi irin su Legas da Kano da Kaduna da Filato suna da nasu dokokin.

Amurka ta fi fayyace batun haya. Dokarta ta gidaje ta 1968, da aka yi wa gyara a 1988, ta raba abin gida biyu. Sauya ƙa'idar gida, kamar ware wa gurgu wurin ajiye mota kusa da ƙofa, wajibi ne a kan mai gida. Gyaran gini kuwa, a gidajen 'yan kasuwa ɗan haya ne yake biya, amma mai gida ba shi da ikon hanawa, illa ya sharɗanta a mayar da cikin ɗakin yadda yake ranar tashi idan hakan ya dace. Wannan rabo yana da adalci, kuma babu abin da ya hana Musulmi biyu su rubuta irinsa a takardar hayarsu.

Abin da za mu iya yi tun yanzu

Gyaran da ake magana ba ya cinye kuɗi da yawa. Keken guragu yana buƙatar ƙofa mai faɗin kamar santimita 80. Gangaren siminti a madadin matakala, ma'auninsa shi ne duk tsayin taƙi ɗaya a ba shi tsawon taƙi 12. Ƙarfen dafawa a banɗaki, da kujerar zama a kan masai, da cike ramin da ke tsakar gida, duk aikin yini ɗaya ne ga magini da mai walda. Kurma a riƙa sanar da shi a rubuce ko ta saƙon waya. Makaho a karanta masa yarjejeniya gaban shaidun da ya yarda da su.

Ɗan haya mai naƙasa ya nemi gyaran a rubuce, ya ajiye rasit, ya sa shaidu biyu. Idan an ƙi, ya fara da mai unguwa ko limami ko ƙungiyar masu naƙasa ta garinsu kafin a kai ga kotu. Dillali ya ji tsoron Allah, ya daina cewa an kama ɗaki alhali yana nan. Kwamitocin zakka da waƙafi su sa kuɗin irin wannan gyara da biyan hayar masu naƙasa cikin lissafinsu, musamman 'yan gudun hijira. Masallatanmu ma a duba su, domin limamin da zai yi wa masu gidaje wa'azi ya kamata gurgu ya iya shiga masallacinsa ya yi alwala.

Kai kuma mai gida, ka tuna lafiya aro ce. Haɗarin mota ɗaya, ko hawan jini, ko ciwon suga, ko tsufa kawai, sun isa su mayar da kai mai neman wanda zai faɗaɗa maka ƙofa.

Allah Ya kawo wa 'yan uwanmu na Sudan zaman lafiya, Ya mayar da masu gudun hijira gidajensu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kare mu daga cin haƙƙin raunana. Allah ne Mafi sani.