Vavilov: malamin da ya tara irin shuka na duniya, yunwa ta kashe shi

Ƴan'uwa manoma, kowa daga cikinmu ya san darajar iri. Bayan girbi, mukan zaɓi zangarniya mai kyau mu ajiye ta dabam. Ko da rumbu ya ƙare, mai hankali ba ya taɓa ta, domin ita ce abincin baɗi. Yau za mu kawo maku labarin wani malami ɗan ƙasar Rasha wanda ya yi wannan aiki saboda duniya baki ɗaya. Sunansa Nikolai Vavilov.

Ƙuruciyarsa da karatunsa

An haifi Vavilov a birnin Mosko a shekarar 1887. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne. A wancan zamani yunwa takan auka wa ƙauyukan Rasha, saboda fari da tsananin sanyi. Vavilov ya shiga babbar makarantar koyon aikin gona ta Mosko. A shekarar 1913 ya tafi Ingila ƙarin karatu wajen wani babban malami mai suna William Bateson. A can ya zurfafa cikin ilimin gadon hali, wato yadda tsiro ke gadon halin iyayensa: tsawo, launi, saurin nuna, da jure cuta.

A shekarar 1916 aka aike shi ƙasar Iran, inda wata cuta ta dami sojojin Rasha. Suna jin jiri, suna tangaɗi kamar waɗanda suka sha giya. Vavilov ya duba alkamar da ake yi masu burodi da ita. Sai ya tarar da ƙwayar wata muguwar ciyawa mai dafi gauraye a ciki. Ashe tare ake niƙa su. Wannan ya nuna mana amfanin sheƙe hatsi da tsince shi kafin a kai niƙa.

Daga shekarar 1917 ya zama malamin jami'a a garin Saratov. A 1921 aka ba shi shugabancin ma'aikatar binciken tsirrai a birnin da daga baya aka sa wa suna Leningrad.

Tambayar da ta dame shi

Vavilov ya tambayi kansa: ina ne asalin kowane abin da muke shukawa? Amsar da ya bayar a shekarar 1926 ita ce: kowace shuka tana da garinsu, wato wurin da mutane suka fara noma ta. A wurin ne ake samun ire-irenta masu yawa, tare da danginta na daji. Masara daga Mekziko take. Dankalin turawa daga duwatsun Amurka ta Kudu yake.

Mene ne amfanin sanin haka? Cikin ire-iren nan akwai mai jure fari, akwai mai saurin nuna, akwai wanda cuta ba ta kama shi. Idan cuta ta halaka iri guda, sai a nemo wanda ya tsira, a haɗa shi da mai yawan amfani, a sami sabon iri mai halin duka biyu. Idan tsofaffin ire-iren suka ɓace, babu inda za a koma neman magani.

Tafiye-tafiyensa

Saboda haka ya shiga duniya neman iri. Ya je Afganistan a 1924. Ya zagaya Aljeriya da Maroko da Tunisiya a 1926. A 1927 ya isa Habasha, ya ratsa duwatsunta da ayarin alfadarai, yana tara alkama da sha'ir da dawa. Daga baya ya je Sin da Japan da Mekziko da Amurka ta Kudu. Yakan shiga gonaki da kasuwannin ƙauye, ya karɓi iri daga hannun talakawa manoma, ya rubuta sunansa da inda ya same shi. Kafin shekarar 1940, shi da almajiransa sun tara iri-iri fiye da 200,000. A lokacin babu ma'ajiyar iri mai girmanta a duniya.

Yadda gaskiya ta jawo masa wahala

A shekarun 1932 da 1933 mummunar yunwa ta kashe miliyoyin mutane a Tarayyar Sobiyet. Shugaban ƙasar, Stalin, yana neman mafita da gaggawa. Sai wani mai suna Lysenko ya ce yana da ita. Ya ce idan aka jiƙa iri aka sa shi cikin sanyi, halinsa zai sake, kuma ƴaƴansa za su gaji sabon halin. Vavilov ya ce ba haka gado yake ba. Ya bayyana cewa gyaran iri aiki ne na shekaru, sai da zaɓe da gwaji da haƙuri. Mahukunta suka fi son mai alkawarin sauri.

A watan Agusta na 1940 aka kama Vavilov yana cikin aikin tara iri a Yukren. Aka yi masa ƙazafin cin amanar ƙasa, aka yanke masa hukuncin kisa. Daga baya aka mayar da hukuncin ɗaurin shekara 20. Ya mutu a gidan kaso na Saratov a watan Janairu na 1943, yana da shekara 55. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana yaƙi da yunwa, yunwa ce ta yi ajalinsa.

Masu gadin iri

Yana tsare, sojojin Jamus suka yi wa Leningrad ƙawanya daga 1941 zuwa 1944, kusan kwana 900. Abinci ya yanke, dubban ɗaruruwan mutane suka mutu. Ma'aikatan Vavilov suna zaune cikin ɗakuna cike da shinkafa da alkama da wake da gyaɗa. Hausawa sun ce ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Mutanen nan suka yi ta gadin irin dare da rana, suna korar ɓeraye, suna kare dankali daga sanyi, ba su ci ba. Wasunsu suka mutu da yunwa a bakin aiki. Cikinsu akwai Dmitri Ivanov mai kula da shinkafa, da Aleksandr Shchukin mai kula da gyaɗa. Sun san cewa abin da ke hannunsu amana ce ta waɗanda ba a haifa ba tukuna.

A shekarar 1955 hukumomin ƙasar suka wanke Vavilov daga laifi. Ma'aikatar tana nan har yau a birnin, wanda yanzu ake kira San Pitasbag, kuma sunansa take ɗauke da shi.

Abin da ya shafe mu

Masanan da suka biyo bayansa sun gano cewa gero ɗan yankinmu ne. A nan Sahel ta Afirka ta Yamma aka fara noma shi, fiye da shekara 4,000 da suka wuce. Ke nan zango da ba'angure da maiwa da muka gada daga kakanni suna cikin dukiyar da Vavilov ya yi ta nema. A Sadore, kusa da Yamai, cibiyar ICRISAT tana da ma'ajiyar irin gero da gyaɗa.

Sabon iri da malaman gona ke kawo mana yana da amfani, mu gwada shi. Amma kada mu yar da tsohon. Mu keɓe masa ko da ƴan kunyoyi ne a gefen gona. Mu zaɓi iri tun hatsi yana tsaye, mu shanya shi ya bushe sosai, mu ajiye shi nesa da laima da ƙwari. Mu riƙa musayarsa da maƙwabta, mu kuma koya wa yara sunansa da halinsa. Shekarar da damina ta gajarta, wataƙila shi ne zai fitar da mu.