Kewar Tsofaffin Katakan Zamiya

Akwai wani ɗan ƙauye a kan duwatsun jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, sunansa Johnsville. Da lokacin sanyi, in dusar ƙanƙara ta sauka da kyau, mutane sukan taru a gefen dutsen ƙauyen cikin tufafi irin na kakannin kakanninsu, maza da rigunan ulu, mata da dogayen siket har idon sawu. Kowa yakan ɗaura wa ƙafafunsa dogayen katakai guda biyu, waɗansu tsawonsu ya kai ƙafa 12 ko fiye, ya riƙe sanda guda ɗaya, sa'an nan ya sako kansa gangaren sak, ba kwana ba kauce. In ya kai ƙasa sai ya danna sandar cikin dusar don ya tsaya. Waɗansu su tsaya, waɗansu su wuntsila.

Abin mamaki shi ne mutanen nan ba rashin kayan zamani ya sa su haka ba. Suna da su a gida. Kwaikwayon masu haƙar zinariya suke yi, waɗanda suka yi irin wannan tsere a duwatsun nan cikin shekarun 1860. To, mene ne ya sa mutum mai hankalinsa zai ajiye sabo ya ɗauko tsoho, ya kuwa san tsohon yana iya karya shi? Abin da muke so mu duba ke nan a wannan wata.

Bari mu fara bayyana wasan, gama yawancinmu ba mu taɓa ganin dusar ƙanƙara ba sai a hoton kalanda. Ba irin ƙanƙarar nan ba ce da takan faɗo da damina ta fasa ganyen masara. Ita laushi gare ta kamar gari, takan taru ta binne hanya, wani wuri har ta fi tsayin mutum. Mai tafiya da ƙafa nutsewa yake yi. Saboda haka tun shekaru dubbai mutanen arewacin duniya suka gane in ka ɗaura dogon katako a ƙafa, za ka zame a bisa ba za ka nutse ba. Turawa suna kiran katakon nan siki, kalmar kuwa daga ƙasar Nowe ta fito. Da fari abin tafiya ne da farauta. Daga baya ne aka mai da shi wasa, watau mutum ya hau kan dutse ya zamo ƙasa da gudu.

Wanda ake yawan ambata a farkon labarin shi ne Sondre Norheim, wani talaka daga ƙauyen Morgedal a Nowe. Ya murɗa saiwar itace ya yi maɗauri wanda ya kewaye dunduniya, har katakon ya riƙa bin ƙafa duk inda ta juya. A shekarar 1868 ya je babban birnin ƙasar ya ba mutane mamaki da irin kwanar da yake sha. Bayansa sai Mathias Zdarsky na garin Lilienfeld a Ostiriya, wanda ya yi maɗaurin ƙarfe don gangara masu tsauri na duwatsun Alps, ya kuma shirya tseren ratsa tsakanin tutoci a 1905.

Amma kayan da tsofaffin yau suke kewa ba su kai wannan nisa ba. Yawanci na shekarun 1930 zuwa 1970 ne. A nan ne za mu daɗe kaɗan.

Siki na farkon wancan zamani itace ne zalla. Wanda aka fi so shi ne wani itace mai tauri da ake kira hikori, daga Amurka ake kai shi har Turai. Wajen zaɓen tsawo ba a bukatar ma'auni: mutum yakan miƙa hannunsa sama, in bakin katakon ya kai wuyan hannunsa, to, daidai da shi ke nan. Bayan saye kuma sai hidima. Kafin sanyi ya shigo, mai shi zai shafa wa cikin katakon baƙin ƙaron itace, ya gasa shi da wuta har ya shige cikin itacen, don kada ruwa ya ratsa. Sa'an nan ya bi da kaki, kakin kuwa iri iri ne, na ranar tsananin sanyi daban, na ranar da dusar ta fara narkewa daban. Masu tseren Kalifoniya na dā har ɓoye sirrin haɗin kakinsu suke yi, kamar yadda mai magani yake ɓoye nasa. In sanyi ya wuce, sai a haɗa katakan biyu ciki da ciki, a ɗaure kai da gindi, a cusa guntun itace a tsakiya, domin kada lanƙwasarsu ta miƙe kafin baɗi. Uba yakan koya wa ɗansa wannan duka a bayan ɗaki. Sanduna kuwa na gora ne, takalma na fata masu igiya.

Itace ba ya kama wurin da dusar ta daskare ta zama kamar gilashi. Wani akawu daga wajen Salzburg, Rudolf Lettner, ya taɓa zamewa a irin wannan wuri saura kaɗan ya hallaka, ya yi shekaru yana tunani, har a 1926 ya yi rajistar dabararsa: siraran ƙarafa da ake kafawa a gefen katakon, gunduwa gunduwa, da ƙananan kusoshi masu murɗi. In ɗaya ta ɓalle, mutum ya zauna da daddare ya mayar da ita da kansa.

Sai maganar maɗauri, a nan kuwa labarin ya daina daɗi. Wajen farkon shekarun 1930 wani injiniya ɗan Suwizalan, Guido Reuge, ya fito da maɗauri mai igiyar waya da sifirin, aka sa masa suna Kandahar. Yana danne dunduniya a kan katakon gam, mai wasa ya sami iko da gudunsa fiye da dā. Amma in ya faɗi, ƙafar ba ta fita. Ku yi tunanin katako mai tsawon ƙafa bakwai ya kafe cikin dusa, jikin mutum kuwa yana ci gaba da juyawa. Ƙashin ƙauri ne yake biya, yakan murɗe ya tsage kamar rake. Su kansu masu wasan suka raɗa wa irin maɗauran nan suna tarkon beyar. A garuruwan wasan, ganin baƙo yana komawa tashar jirgi da ƙafa cikin filasta bai zama labari ba.

Wani ɗan Nowe mazaunin birnin Portland a Amurka, Hjalmar Hvam, gwani ne ƙwarai, shi ma ya karye a 1937. An ce yana farfaɗowa a asibiti ya roƙi fensir da takarda. Daga nan ya zana maɗaurin da yake sakin ƙafa in an murɗa ta da ƙarfi, ya fara sayar da shi a 1939. Kamfanin Look na Faransa ya kawo nasa a 1950, Marker na Jamus ya biyo baya a 1952. Duk da haka gwanaye da yawa suka yi shekaru suna ƙin su, wai abin matsorata ne, suna kuma tsoron kada ya sake su tsakiyar gudu.

Haka aka yi da katakon kansa. Howard Head, ma'aikacin kamfanin ƙera jiragen sama ne a Baltimore. Ya je koyon zamiya a 1947, ya sha faɗuwa, ya ɗora laifin a kan nauyin itacen. (Mu malamai mun san irin wannan ɗalibi, wanda in ya faɗi jarrabawa alƙalami ne da laifi. Sai dai shi wannan yana da gaskiyarsa.) Ya yi ta gwaji, ana ta karya masa su, har a 1950 ya fito da siki na alminiyam mai falalen itace a ciki. Saboda sauƙin juyawarsa, masu tsohon hannu suka ce ha'inci ne. Shekara goma bayan haka, a wasannin Olimfik na 1960, Jean Vuarnet na Faransa ya ci zinariyar tseren gangara a kan siki na ƙarfe, baki ya mutu. Cikin shekarun 1960 zaren gilashi ya shigo, Bob Lange kuma ya kawo takalman roba masu tauri maimakon na fata, waɗanda sukan jiƙe su saki. A 1993 kamfanin Elan na Sulobeniya ya fitar da siki mai faɗin kai da gindi, siririn ƙugu, wanda da an karkata shi yake shan kwana da kansa. Cikin 'yan shekaru dogayen miƙaƙƙun nan suka ɓace daga kantuna, tsawon siki ya ragu har bai cika wuce kan mai shi ba.

Yanzu fa tsofaffin kayan nan ne ake nema. Ana sayensu a kasuwar gwanjo da ta intanet, ana gicciye su a bangon falo da na otal. Gidan kayan tarihi na Holmenkollen a Oslo, wanda aka buɗe a 1923, cike yake da su. In ka saurari masu kewar, ba su cika cewa tsohon ya fi gudu ba, sun san ƙarya ne. Abin da suke faɗa shi ne a dā sai ka yi shekaru kafin ka iya juya dogon katako, in kuwa ka iya, kowa a kan dutsen zai gane ka daga nesa. Suna tuna warin ƙaron nan a kan wuta, da uban da ya durƙusa cikin sanyi yana ɗaure musu igiyar takalmi. Suna cewa kayan yau ba a gyara su a gida, in sun lalace sai shara.

A ganinmu suna da rabin gaskiya. Abin da mutum ya san cikinsa da bayansa, ya kuma gyara da hannunsa, akwai wata ƙauna da ke shiga tsakaninsu wadda kuɗi ba ya saye, duk wanda ya taɓa riƙe tsohon keke shekara ashirin ya san haka. Amma masu ba da labarin su ne waɗanda suka tsira da ƙafafunsu. Wanda ya karye a makonsa na fari ya bar wasan har abada, ba ya zuwa taron tuna baya. Likitocin da suka bi lissafin raunukan wasan sun ga karayar ƙauri ta ragu ƙwarai bayan da maɗauri mai saki ya kyautatu. Ba mu ce kayan zamani sun gama da haɗari ba, gama da takalma suka yi tsawo da tauri, sai ciwon ya haura zuwa gwiwa, tsinkewar jijiyarta ta yawaita.

Shi ya sa a Amurka, in saurayi ya ciro sikin kakansa daga rufin ɗaki ya kai kanti a daidaita masa maɗaurin, yawancin masu kanti sukan ƙi taɓawa. Kowace shekara kamfanoni suna ba su jerin maɗauran da har yanzu suka tsaya a bayansu, wanda ba ya cikin jerin kuwa ba mai ɗaukar alhakinsa. Sifirin ya tsufa, robar ta bushe, ba wanda ya san ran da zai saki ko ran da zai ƙi. Saurayin yakan koma gida da kayansa a kafaɗa. Waɗansu su rataye a bango, waɗansu kuma su kai wa kafinta ya yanka su ya yi kujerar zama a ƙofar gida, sunan kamfanin yana nan a rubuce a wurin jingina.