Daidaita Danshi a Injin Ƙyanƙyasar Ƙwai

Ɓawon ƙwan kaza yana da dubban ƙananan huji waɗanda ido ba ya gani. Ta nan iska ke shiga wa ɗan tsako, ta nan kuma ruwan cikin ƙwan ke tsanewa a hankali cikin kwana 21 na kwanci. Tsanewar nan dole ce: ana so ƙwai ya rasa kashi 11 zuwa 13 cikin ɗari na nauyinsa kafin kwana na 18. Gurbin da ruwan ya bari shi ke zama jakar iska a ɓangaren ƙwan mai faɗi, wadda ɗan tsako zai huda da baki ya yi numfashinsa na farko tun bai fasa ɓawo ba. Aikin danshi a cikin inji shi ne daidaita saurin wannan tsanewa.

A injin da ke da fanka, zafi yakan tsaya a digiri 37.5 na ma'aunin Salsiyas, danshi kuma kashi 50 zuwa 55 a kwana 18 na farko. Idan danshi ya yi yawa, jakar iska ba ta girma, ɗan tsako ya huda ya tarar da ruwa ya shaƙe, wanda ya tsira kuma ya fito jiki saɓ-saɓ, cibiya ba ta rufe ba. Idan ya yi kaɗan, ƙwai ya bushe fiye da kima, tsakon ya fito ƙarami ko ya manne a tantani ya kasa juyawa.

Takardar da ke zuwa da inji ba ta san yanayin garin da aka kai shi ba. Iska in ta yi zafi tana ƙara ɗaukar ruwa, saboda haka danshinta yakan faɗi da zarar inji ya ɗumama ta. Da damina, iskar ɗaki mai danshi kashi 80 a digiri 28 takan koma wajen kashi 47 a cikin inji ko ba a zuba ruwa ba. Ɗan ƙari kaɗan ya wadatar. Da hunturu kuwa, a garuruwa irin su Kano da Damagaram, danshin waje kansa yakan sauka ƙasa da kashi 20, a cikin inji kuma ya kasa kai kashi 10. Mai bin ƙa'ida ɗaya a watan Agusta da na Janairu zai kwashi baragurbi a ɗayansu.

Faɗin fuskar ruwa ke ƙara danshi, zurfinsa ba ya ƙara komai illa jinkirta ƙafewa. Faranti mai faɗi ya fi kofi mai zurfi. In ana son ƙari sai a sa faranti na biyu, ko soso mai tsabta ko tsumma da ya leƙo saman ruwan. In ana son ragi sai a rufe wani sashe na farantin. Ruwan da za a zuba ya zama mai ɗumi. Toshe kafofin iska don danshi ya hau dabara ce mai tsada, domin tsako na ƙara buƙatar iska yayin da yake girma.

Ma'aunin danshi mai araha yakan yi ƙarya, amma gwada shi ba wuya. A jiƙa gishiri a murfin kwalba ba tare da ya narke ba, a rufe shi da ma'aunin cikin leda ya kwana. Ya kamata ya nuna kashi 75. Abin da ya ƙaru ko ya ragu, shi ne kuskurensa. Duk da haka, ƙwan da kansa ya fi kowane ma'auni gaskiya. Ƙwai mai giram 60 ya kamata ya dawo wajen giram 53 a kwana na 18. Ƙwan kazar gida ƙarami ne, don haka ya fi kyau a auna guda goma a haɗe tun ranar farko. Wanda ba shi da sikeli sai ya haska ƙwan da tocila a cikin duhu a kwana na 7, na 14 da na 18, yana zana iyakar jakar iska da fensir. In jakar ta yi jinkirin girma a rage ruwa, in ta yi gaggawa a ƙara. Hawa da saukar danshi na 'yan sa'o'i ba abin tayar da hankali ba ne, jimillar tsanewa ce abin lura.

Daga kwana na 18 ana daina juya ƙwai, a ɗaga danshi zuwa kashi 65 ko 70, a rufe inji. Nan ne zumuɗi ke ɓata aiki. Duk buɗewa tana fitar da danshi nan take, tantanin ƙwan da aka fara hudawa ya bushe ya ɗaure tsako. Gara a ƙara ruwa ta siririn bututu daga waje. Tsakin da suka riga suka fita ba sa buƙatar gaggawar ɗauka, domin gwaiduwar da suka shanye a ciki tana riƙe su kwana ɗaya zuwa biyu. Ƙwan zabo yana kai kwana 26 zuwa 28, don haka rufe masa inji sai wajen kwana na 24. Haɗa shi da na kaza a rana ɗaya yana rikita lissafin duka biyun.